Kek, cincin da girkin taro a gida: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da zarar Sallah ta ƙarato ko an sa ranar bikin wata a dangi, tambayoyin nan ne dai suke ta dawowa: kek ya faɗa, cincin ya sha mai, alkaki ya ƙi shan suga. Shi ne na ce bari in tattara su wuri ɗaya in amsa iya sanina. Da mata nake magana don su suka fi tambaya, amma maza masu shiga kicin ku ma bismillah.

Ban taɓa yin kek ba, me da me zan fara saya?

Kar ki je ki kwaso kaya ki tara. Roba babba ta kwaɓi, muciya ko ludayin katako wanda bai taɓa shiga miya ba, rariya, gwangwanin gashi guda ɗaya mai faɗin inci 8, sai cokulan awo. In kuɗinki na abu ɗaya ne tak, toh ƙaramin sikelin kicin za ki saya, miksa ta jira. Hannu yana buga bota, gajiya ce kawai za ki yi, amma ido baya auna giram. Dalilin yana amsa ta gaba.

Na bi haɗin wata tiryan-tiryan amma nawa bai fito kamar nata ba, ko dai ba ni da hannu ne?

Wannan maganar ta “hannu” ta sa mata da yawa sun haƙura da gashi gaba ɗaya, alhali kusan kullum abu biyu ne, awo da wuta. Ta ce miki “fulawa gwangwani huɗu”. Wane gwangwanin? Na madara, na tumatir, ko na bota? Shafe ta auna ko tozo ta yi? Ta tankaɗe kafin ta auna ko bayan ta auna? Kofin awo ɗaya na fulawa in an zuba da cokali an shafe bakinsa wajen giram 120 zuwa 125 ne, amma in kika cusa kofin cikin buhu kika danna yana iya haura 150, kinga a kofi huɗu kin ƙara kusan kofi guda ba ki sani ba, sai kek ya fito a bushe ki ce hannu ne. Suga kuma kofi ɗaya giram 200 ne, bota wajen 225, wato kofi ɗaya ne amma nauyin kowa daban.

Mudu ma haka yake, na wannan kasuwar ba lallai ya zo ɗaya da na waccan ba. A miya wannan ba komai ba ne, ki ɗanɗana ki gyara. Kek kuwa da ya shiga wuta an gama magana. In babu sikeli, ki ware gwangwani ɗaya ya zama shi ne ma'auninki har abada, kullum a shafe, kuma ki samu ɗan littafi kina rubuta abin da kika zuba da yadda ya fito.

Toh a ba mu haɗin kek mai sauƙi wanda mai koyo za ta fara da shi

Bota giram 250, suga 200 zuwa 250 gwargwadon son zaƙin gidanku, ƙwai 4 manya ko 5 in ƙanana ne, fulawa 250, bekin foda cokalin shayi 2, madara ta ruwa babban cokali 3, filebo cokalin shayi ɗaya. Haddarsa ba wuya tunda manyan kayan huɗu nauyinsu kusan ɗaya ne.

Ki buga bota da suga har launin ya koma fari-fari ya yi sakayau, da miksa wajen minti biyar, da muciya ki ba shi kwata ko fiye, ki kira 'yan matan gidan ku yi karɓa-karɓa. A wannan bugun iska take shiga, ita ce rabin tashin kek. Sai ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɓace kafin na gaba ya shiga. Ki tankaɗe fulawa da bekin foda tare, ki zuba kashi uku kina juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama, da kin daina ganin farin gari ki tsaya. Ki shafe gwangwani da bota ki barbaɗa fulawa, kwaɓin kar ya wuce kashi biyu cikin uku na gwangwanin. Digiri 180, minti 45 zuwa 55. Ƙananan gwangwanaye irin na biki kuwa minti 18 zuwa 22 ya ishe su.

Bekin foda, bekin soda, yis da kanwa, ɗaya zai iya maye gurbin ɗaya?

A'a, duk da dai dukkansu iska suke samarwa a kwaɓi. Bekin soda ba ta aiki sai ta haɗu da abu mai tsami, kamar nono, yogot, lemon tsami ko ruwan tsamiya, kuma tana da ƙarfi, kwatan cokalin shayi ya ishi kofin fulawa. In ta yi yawa za ki ji ɗanɗanon sabulu a baki. Bekin foda (wasu na ce mata bakar hoda) sodar ce aka riga aka haɗa mata tsaminta a gari, ita cokalin shayi ɗaya ne a kofin fulawa. Yis kuwa abu ne mai rai, suga yake ci ya fitar da iska, shi ya sa yake buƙatar lokaci da ɗumi, nasa aikin burodi ne da fanke da donat da masa. Kanwa 'yar uwar soda ce wajen kashe tsami, amma ƙarfinta ba ya zuwa ɗaya daga wannan ƙulli zuwa wancan, ki bar ta a masa da alkaki, kar ta je kusa da kek.

Bekin foda tana mutuwa, musamman wadda ake ƙullawa a leda ko wadda ta sha damina a buɗe. Kafin ki yi asarar ƙwai ki ɗebi rabin cokali ki zuba a ruwan zafi, in bai taso da kumfa nan take ba ki zubar ki sayo wata.

Ba ni da oben, kek zai yiwu a tukunya?

Sosai ma, kek ɗin biki nawa aka ci a ƙasar nan da bai taɓa ganin oben ba. Ki samu tsohuwar tukunya mai kauri mai murfin da ke rufuwa ruf, ki zuba yashi wankakke busasshe kamar kaurin yatsa biyu, in ba yashi gishiri ma yana yi kuma kina iya ajiye shi ki yi ta maimaitawa. Ki rufe ki ɗora a wuta minti goma zuwa sha biyar ta ɗau zafi tukuna. Gwangwanin kek kar ya zauna kai tsaye a kan yashin, ki sa 'yan duwatsu uku ko wani ƙarfe ya ɗaga shi kaɗan. Tukunyar nan mai baƙin shafi a ciki wadda abinci baya kamawa, kar ki yi da ita, zafi ba ruwa yana lalata shafin.

A gawayi sirrin shi ne wutar sama ta fi ta ƙasa. Ki bari garwashi ya ruru ya daina hayaƙi, ki bar kaɗan a ƙasa, ki kwashi mafi yawa ki baza a kan murfi. A gas ko risho tunda ba wutar sama, sai ki rage can ƙasa ki ƙara haƙuri, zai iya kai awa guda. Wajen buɗe murfi ki ja shi gefe a hankali kar toka ta zuba, kuma ki goge gumin da ke cikin murfin kafin ki mayar don kar ya ɗiga a kan kek.

Oben ɗina na gas ne ba shi da lambar digiri, ya zan gane zafin ya yi?

Akwai ɗan ma'aunin zafi da ake ratayawa a cikin oben, masu sayar da kayan kek suna da shi, in kin samu ki saya don ko oben mai lamba ma ba kullum yake faɗin gaskiya ba. In babu, ga gwajin mutanen da: ki kunna minti sha biyar, ki barbaɗa fulawa a farantin ƙarfe ki saka. Bayan minti biyar in ta yi ruwan zuma, zafin kek ne. In ta yi duhu sosai wuta ta yi yawa, in tana nan fara ƙal da saura. Wannan gwajin yana yi a tukunyar yashi ma.

Masu oben na lantarki kuma, in NEPA ta ɗauke ana tsaka da gashi kar ki buɗe ƙofa, zafin da ke ciki zai riƙe na ɗan lokaci. In ya rage saura minti goma ne galibi zai ƙarasa da kansa. In kuwa yanzu ya shiga, ki hura gawayi ki koma hanyar tukunya da ke sama.

Kek ɗina yana tashi da kyau sai kuma tsakiya ta faɗa, me ke jawo haka?

Leƙe shi ne na farko. Kin buɗe tun cikin bai kama ba, iska mai sanyi ta shiga, shi kenan ya zauna. Kar ki taɓa ƙofa sai an ci kashi uku cikin huɗu na lokacin. Na biyu bekin foda ta yi yawa, ya kumbura fiye da abin da jikinsa zai iya riƙewa. Na uku an sauke bai gasu ba, don haka ki soka tsinken sakace a tsakiya, ba a gefe ba, ya fito ba danƙo. Mutanen Jos ku naku da ƙari, garin yana kan tudu wajen mita 1,200, kwaɓi yana saurin tashi a can, ku ɗan rage bekin foda daga abin da 'yan Kano suka ba ku.

In kuma ƙasa ta ƙone ciki ɗanye, wutar ƙasa ce ta yi yawa, ki ɗaga gwangwanin ko ki sa wani tire a ƙarƙashinsa. In sama ta tsage ta yi tozo, zafi ya yi yawa tun farko. In ya yi tauri yana jan haƙori, kin ci gaba da bugu bayan fulawa ta shiga, ko kuma matsalar awon nan ce da muka yi magana a tambaya ta biyu.

Ya zan kashe ƙarnin ƙwai?

Fara da ƙwan kansa. Ki jefa shi a ruwa, sabo yana kwanciya a ƙasa, wanda ya taso sama ya tsufa. Kowanne ki fasa a kofi daban kafin ya shiga kwaɓi, ƙwai ɗaya ɓatacce ya isa ya sa ki zubar da bota da suga gaba ɗaya. Sannan filebo, ko ki goga bawon lemon zaƙi ko na tsami (koren ko ruwan ɗorawar kawai, farin da ke cikin bawon ɗaci ne da shi), ko gyaɗar ƙamshi kaɗan. Ni bawon lemo ya fi min filebon kwalba nesa ba kusa ba.

Tunda an zo kan filebo, ki riƙa duba jikin kwalba. Banila ta asali da ake shigowa da ita daga waje da alkohol ake tatso ta, a Amurka ma doka ce sai ya kai kashi 35 cikin ɗari. Wadda hankalinta bai kwanta ba akwai banila ta gari.

Zan iya sa man gyaɗa maimakon bota?

A haɗin da na bayar a sama a'a, don mai baya riƙe iska in an buga shi da suga. Akwai kek ɗin da asalinsu da mai ake yi, kamar na ayaba, na karas da na cakulan, kuma sun fi daɗewa da laushi. Sai dai man ƙuli mai ƙamshi zai fito a ɗanɗano, ki nemi wanda ba shi da ƙamshi.

Cincin ɗina yana shan mai, man kuma sai kumfa har yana zubowa

Shan mai daga sanyin mai ne ko yawan bota da bekin foda. Ki jefa ƙwaya ɗaya, ta nutse ta taso cikin 'yan daƙiƙu tana tsuwa, toh mai ya yi. Kuma kar ki cika kasko don kina sauri, duk zubi yana sauke zafin man. Kumfa kuwa yawanci garin da kika barbaɗa wajen yanka ne yake wankewa a cikin man, sai yawan ƙwai, sai man da aka soya aka sake soyawa. Ki zuba yankakken cincin a rariya ki kaɗe garin kafin ya shiga, man kuma kar ya wuce rabin kaskon, musamman in akwai yara suna zagaye murhu.

A fulawa kilo ɗaya nakan sa suga giram 200 zuwa 250, bota 125, ƙwai 2, bekin foda cokalin shayi ɗaya, gyaɗar ƙamshi, sai madara da za ta haɗa kwaɓin da tauri. Mai son mai ƙaras-ƙaras ta tsaya nan, mai son wanda tsofaffi za su iya ci ta ƙara bota zuwa 200. Ki kwashe tun yana ruwan zuma mai haske domin yana ƙara duhu bayan an tsame.

Fanke da donat sun ƙi tashi, musamman da hunturu

Yis sanyi yana sa shi kasala, zafi kuma yana kashe shi, daga wajen digiri 60 ya mutu. Ruwan da za ki jiƙa shi ya zama mai ɗumin da za ki yi wa jariri wanka. Ki sa masa ɗan suga ki jira minti goma, in bai yi kumfa ba kar ma ki ɓata fulawarki. Da hunturu ki rufe robar da leda don iskar tana busar da saman kwaɓi, ki kai rana ko kusa da murhu, kuma ki bar kallon agogo, ki jira ya ninka biyu. Da bazara akasin haka ne, cikin rabin awa ma ya iya tashi, in kika manta shi ya yi tsami ya sha mai.

Alkaki da dubulan na gara fa? Sugan yana daskarewa ya yi fari a jikinsu

Tsami ne ya yi kaɗan a ruwan sugan. Suga kofi biyu, ruwa kofi ɗaya, ki matsa lemon tsami ko ki zuba ruwan tsamiya, tsamin nan shi ke hana suga komawa ƙwaya in ya huce. Da ya narke ki daina juyawa. Ki ɗiga kaɗan a faranti ya sha iska, ki taɓa da yatsa biyu ki buɗe, in ya ja zare ɗaya siriri ya yi. Ya wuce haka alewa kika dafa.

Shi alkaki alkamarsa ɓarzawa ake yi, ba a niƙa ta luƙui. A murje ta da mai sosai, a kwaɓa da ruwan tsamiya ko nono da ɗan yis, ta kwana, da safe a sa ruwan kanwa kaɗan ya daidaita tsamin sannan a naɗa. Suyarsa a wuta ƙasa-ƙasa don cikin ya soyu, kuma daga mai sai cikin ruwan suga tun da zafinsa, in ya huce ba zai sha ba. Dubulan kuwa sirantar murji ce duk kyansa, kuma tsomawa kawai ake yi a cire. Gaskiya waɗannan biyun in akwai wata gwaggo ko iya a dangi da ta iya, ki je ki zauna kusa da ita rana guda, naɗin ba ya koyuwa a rubuce.

Baƙi za su zo anjima, me zan yi cikin sauri?

Tuwon madara. Suga kofi ɗaya da ruwa rabin kofi, a dafa har ya fara danƙo, a sauke, a riƙa zuba madarar gari ana tuƙawa har ya haɗe, wajen kofi uku, a baza a kan leda da aka shafa wa mai, a yanka tun bai huce ba. Ko gireba: fulawa kofi huɗu, suga niƙaƙƙe kofi ɗaya, mai kaɗan-kaɗan har in kin dunƙula ya tsaya, ba ruwa ko ɗigo, ki cusa a ludayi ki kife, riɗi a sama, wuta mara ƙarfi wajen minti ashirin. Kar ki taɓa ta sai ta huce, da zafi rugujewa take yi.

Kwalliyar kek tana narkewa kafin a kai gidan biki

Bota tana narkewa tun daga digiri 32 zuwa 35, a Afrilu kuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri suna kai 40 har su wuce, kinga ba laifinki ba ne. Ki tabbata kek ya huce sarai kafin ki shafa komai, in da hali ki gasa yau ki yi kwalliya gobe. Ya zauna a firji har lokacin tafiya, a ɗauke shi da sassafe ko bayan la'asar, a ajiye a ƙasan mota inda yake shafe, ba a cinyar mutum ba. In kin san ba wuta a unguwarku kuma ba janareta, ki haƙura da kwalliyar bota, ki barbaɗa suga niƙaƙƙe ko ki yi ƙananan kek marasa kwalliya, su ne ma suka fi sauƙin rabo.

Kwana nawa suke yi ba su lalace ba?

Kek mara kwalliya a rufe kwana uku zuwa huɗu, da zafi ki rage. Firji yana busar da shi, gara firiza, a naɗe da leda sosai yana yin wata biyu. Cincin da gireba da dubulan suna yin makonni a bokiti mai murfi, sharaɗin su huce gaba ɗaya kafin a rufe, in ba haka ba gumi zai saukar musu da laushi, da damina har fumfuna. Duk abin da ke da nama, kifi ko ƙwai a ciki kamar samosa, na ranar ne, sai in firji zai shiga.

Zan yi wa mutum talatin girki ranar suna, shinkafa nawa, kuma ya zan hana ta lalacewa a kula?

Nakan lissafa ɗanyar shinkafa giram 80 zuwa 100 ga babban mutum, wato kamar gwangwanin madara biyu ga mutum uku. Mutum talatin kilo uku ke nan, sai ki ƙara rabin abin da kika lissafa, don a gidan suna wanda aka gayyata baya zuwa shi kaɗai, ga kuma kwanukan maƙwabta da za a aika.

Lalacewa kuma, dafaffiyar shinkafa ba ta son zaman ɗumi-ɗumi. Akwai ƙwayar cutar da dafuwa ba ta kashe irinta, in shinkafa ta daɗe ba zafi ba sanyi sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame baya kashe gubar. Ƙa'idar ita ce kar abinci ya wuce awa biyu a haka, in ana tsananin zafi awa ɗaya. Soyayyiyar shinkafa mai hanta da koren wake ta fi kowacce saurin juyawa, ita za ki dafa a ƙarshe dab da rabo. Kula ta zama wankakkiya busasshiya, ki zuba abinci da zafinsa sosai, kar a yi ta buɗewa ana sa cokali. Haɗin kabeji mai mayonis kuwa sai an zo ci za a haɗa.

Akwai mai ciwon suga a gidan, ga kuma yara ƙanana

A yawancin kek kina iya rage kwatan sugan ba abin da zai samu. Amma kar a yaudari kai da cewa an sa zuma ko dabino don haka Baba ya ci son ransa, su ma suna ɗaga suga, fulawar kanta ma haka. Ki yanka masa ɗan kaɗan, sauran bayani na likitansa ne. Jaririn da bai shekara ba kuma ba a ba shi zuma, ko a cikin alkaki ne. In kin sa gyaɗa a wani abu ki faɗa wa baƙi, akwai waɗanda jikinsu baya ɗauka ko kaɗan.

Dangi da ƙawaye kullum “Anti a yi mana kek”, in karɓi kuɗi ko in yi shiru?

Na Hajiya da na surukai da na maƙwabciyar da ta haihu, wannan zumunci ne, ba a lissafa shi. Amma wadda za ta yi taron mutum hamsin ta turo miki saƙo da daddare, ki rubuta mata kayan da za a buƙata dalla-dalla, fulawa kaza, ƙwai kaza, bota kaza, ta sayo da kanta ta aiko, har da kuɗin gas ko gawayi, domin su ne ake mantawa kuma su ne suke cinye ki. Ki faɗa mata kwana nawa kike buƙata kafin ranar, sannan ta aiko da nata bokitin da za a zuba, don naki in ya tafi gidan biki sai an yi sa'a yake dawowa da murfinsa.